Barcin Baba Labbo Masunci

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na tsaya a bakin gulbi a Gummi, gaban dattawa kusan goma, na gaya wa wani tsohon masunci cewa yana barcin awa bakwai kowane dare. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, ga takarda a hannuna. Ku da kuka zo sashen nan bayanmu kuna jin manyanku suna ce mini Likitan Gummi, wasunku na zaton yabo ne. Gara in ba ku labarin da bakina, don in wani ya riga ni zai ƙara masa gishiri.

A lokacin ina mataimakin mai bincike, wato matakin ƙasa da ake ɗora wanda ya gama digiri na biyu. Injiniyan lantarki na karanta, ban taɓa yi wa ko kaza allura ba. 'Yan shekaru ne bayan gubar dalma da ta kashe yara a Dareta a 2010, hankalin masu binciken lafiya ya karkata yammacin Zamfara. Shugabarmu, wadda duk muke kira Farfesa, tana son sanin yadda manya masu aikin ƙarfi ke barci da yadda suke motsa jiki: masu haƙar zinariya wajen Anka, manoma a Bukkuyum, da masunta a Gummi. Ni aka tura Gummi, saboda ni ne ƙarami kuma ba ni da iyali da zan fake da su.

Ga wanda bai san kayan aikin ba, na'urar kamar agogon hannu take, sai dai ba ta da fuska, ba ta faɗin lokaci. A cikinta akwai ɗan abu mai jin motsi, kowane minti yana rubuta yawan motsin da hannu ya yi. Mutum zai ɗaura ta kwana bakwai, ba ya cirewa, sai dai in zai yi alwala ya sassauta ta ya wanke ƙarƙashinta. Bayan mako in karɓa in haɗa da kwamfuta, manhaja ta zana mini ranakun nan a jere. Inda aka yi motsi sai a ga baƙaƙen layuka a tsaye kamar karan gero, inda ba a motsa ba sai a ga fili a shimfiɗe. Idan filin ya yi tsawo, manhajar ta shafa masa shuɗi ta ce barci ne. Aikina shi ne in tace zanen, in cire hayaniyar da ba ta da amfani, in fitar da awowin barcin kowa.

Akwai kuma rabin aikin da ba nawa ba. Kowace safiya wata jami'ar lafiya ta garin, Malama Rabi, tana zagayawa ta tambayi mutum yadda ya kwana, ta rubuta a wani littafi mai jan bango. Mace ce da ta kusa ritaya, ta karɓi haihuwar yawancin samarin da ke tuƙa babur a garin, don haka babu mai wuce ta bai rage gudu ba. Ƙa'ida ita ce in haɗa abin da na'ura ta nuna da abin da ta rubuta. Gaskiyar magana, ban ɗauki littafin nan da muhimmanci ba. A ganina na lokacin, hira ce kawai ake yi, mu kuwa kimiyya muka kawo.

Baba Labbo ba ya cikin sunayen da Sarkin Ruwa, shugaban masuntan, ya ba mu. Da ƙafarsa ya zo ɗakin shan magani inda muke ɗaura wa mutane na'urar. Dogo ne, siriri, ya haura saba'in, fatar hannunsa kamar an jeme ta. Tare da shi akwai wani gajeren tsoho mai yawan dariya, Malam Nomau, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya barinsa ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali.

"Kai na likitan agogo?" in ji Baba Labbo.

Na ce ni ba likita ba ne, injiniya ne. Ya ce duk ɗaya ne. Sannan ya miƙo hannu. "Ɗaura min. Shekara biyu ke nan ban yi kwana ba."

A can in an ce kwana, barci ake nufi. Na yi murmushi na ce, "Baba, ai mutum ba ya shekara biyu bai yi barci ba."

"To ga ka ga wanda yay yi."

Malam Nomau ya ce, "Likita, kak ka saurare shi. Minsharin wanga shi ak korar muna kihi, har Kabi sunka gudu."

Muka ɗaura masa, Malama Rabi ta karanta masa takardar yarda, ya dangwala yatsa. A cikin takardar nan akwai layin da ke cewa sakamakon mutum sirrinsa ne, shi kaɗai za a gaya wa. Ni na buga takardar da hannuna.

Bayan mako na karɓi na'urarsa na buɗe. Ban taɓa ganin zane mai kyau irin nasa ba. Daga bayan sallar isha'i har kiran asalatu fili ne shar, shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan, dare bakwai a jere. Da rana kuwa karan gero ne cunkus, musamman tsakanin hantsi da azahar. Na ɗauki hotonsa na aika wa Farfesa, na rubuta cewa ga misalin lafiyayyen barci da za mu sa a rahoto. Ta amsa a taƙaice: "Madalla. Ka dai haɗa da littafin Rabi." Na ce to. Ban haɗa ba.

Washegari da la'asar muka je bakin gulbi, inda dattawan masunta ke zama ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya suna ɗinkin koma. Niyyata in ja Baba Labbo gefe. Ya ƙi tashi.

"Hwaɗi nan, gaban Nomau. Yau ƙarya ta ƙare."

Malama Rabi ta yi tari sau biyu. Na zaci ƙura ce ta shiga mata wuya. Na buɗe takarda na gyara murya na ce, "Baba, albishir. Na'ura ta nuna kana barcin awa bakwai kowane dare. Cikin duk waɗanda muka auna babu wanda ya kai ka."

Wurin ya ɗauki dariya. Malam Nomau har ya saki allurar ɗinki ya riƙe ciki. "Awa bakwai. Labbo, ko jikata da anka yaye watan jiya ba ta kai haka."

Baba Labbo bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, tsakanin kai da agogonka, wa yak kwana ɗakina?" Ya naɗe komarsa, ya ce ya gode, ya tafi.

A hanyar komawa, da muka kusa masauki, Malama Rabi ta ce, "Kabiru, in na yi tari sau biyu, ba mura gare ni ba."

Kafin kwana biyu sunan Labbo Mai Awa Bakwai ya kai kasuwa. Masu sayar da kifi suna gaishe shi da "an tashi lahiya, ko ba a tashi ba tukuna?" A rana ta uku masunta huɗu suka maido na'urorinsu. Ɗaya ya ajiye tasa a kan tebur da yatsa biyu kamar ya ɗauko kunama, ya ce shi ba ya son agogon da ke ƙaryata dattijo a gaban jama'a. Sarkin Ruwa ya aiko cewa a dakata da ɗaura wa mutanensa sai ya yi shawara. Wato sulusin binciken Farfesa na shirin rushewa a hannuna, kuma a zuciyata har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya.

Malama Rabi ta ce in shirya, za mu je gidan Baba Labbo lokacin da yake gulbi, don matarsa ta aiko tana son ganina. Muka tarar da Inna Kulu a tsakar gida tana turara shinkafa a babbar tukunya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Rabi, wanga na likitan? Ɗan ƙanƙane haka?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ba ni tabarma da ruwa, sannan ta juya itacen murhu ta fara magana ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce mijinta ba ya barci, ita shaida ce, don ɗakinta na jikin nasa. Tun da ɗansu Sani ya tafi ramin zinariya wajen Anka, labarinsa sai jefi-jefi daga bakin 'yan babur, tsohon nan ya daina rintsawa. Zai kwanta kamar gungume, amma in ta yi gyaran murya sai ya ce mata sannu.

"Ni ba ruwana da agogo, ba ruwana da bakin Nomau," in ji ta. "Abin da ad damuwata, sau biyu damanar ga ana kawo min shi jiƙe sharkaf. Mutumin da anka haihwa cikin jirgi. Ya ce kihi yaj ja shi. Wane kihi? Ku gane min mi ka jefa shi ruwa."

Na ce, "Inna, na'ura ta nuna da rana yana aiki sosai, hannunsa ba ya tsayawa."

Sai a lokacin ta juyo. "To tai ka gani da idonka, tunda Allah ya ba ka biyu."

Sai da Malama Rabi ta sa baki kafin Baba Labbo ya yarda in bi shi. Na mayar masa da na'urar hannu, na ƙara masa wata da ake ɗaurawa a ƙirji mai ƙidaya bugun zuciya. Biyu kacal muke da irinta, shi ya sa ba kowa muke sa wa ba. Ina ɗaura masa ya ce, "Yanzu kuma zuciyata za ka ƙaryata?"

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ban iya ruwa ba. A Zariya na girma, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na kududdufin bayan makarantarmu, wanda bai kai gwiwa ba. Ƙarshen damina ne, gulbi ya cika ya batse, ja wur da laka. Na shiga kwalekwalen da hantsi, na zauna a tsakiya, hannu ɗaya riƙe da littafin rubutu, ɗaya riƙe da gefen jirgi kamar za a ƙwace mini.

Awa ta farko na ga abin mamaki. Tsohon nan yana sarrafa jirgi kamar wani sashe na jikinsa. Ya duba ƙugiyoyin da ya kafa jiya, ya ciro tarwaɗa uku, ya sake sa musu abinci. Ina rubuta lokacin kowane abu a littafina, don in gwada da abin da na'ura za ta nuna. Da ya gama sai ya kai mu wani lungu da ruwa ya lafa, ya zauna a ƙarshen jirgi, ya ɗora filafilin tuƙi a kan cinyarsa. Ya yi tsit. Ban taɓa ganin mai rai ya zauna haka ba, ko ƙudan da ya sauka a goshinsa bai kora ba.

Can sai na ga haɓarsa na sauka a hankali zuwa ƙirji. Sai na ji minshari, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ya samu gindin zama. Na dubi agogona na rubuta lokaci, har ina jin daɗin na gano wani abu. Da na ɗago kai sai na ga bishiyoyin bakin gaɓa suna tafiya. Jirgin ya zame daga lungun ya shiga igiyar ruwa, ya juya gefe, kuma can gabanmu ga wani ƙaton kututture da ambaliya ta kayar, rassansa a miƙe, ruwa na tafasa a jikinsa.

Na ce, "Baba."

Shiru.

"Baba, barka da hutawa."

Har yau ban san dalilin da ya sa na gaishe shi ba. Tarbiyya ce dai ta zo a lokacin da ba a neme ta ba. Na sake cewa, "Baba, don Allah in ba damuwa." Da na ga kututturen ya kai in miƙa sanda in taɓa shi, sai na watsar da ladabi na kurma ihu da sunansa tsirara, "Labbo!"

Ya buɗe ido, ya tsoma filafili sau biyu, jirgin ya karkata ya wuce. Wani reshe ya shafi kafaɗata ya tafi da hulata. Ya mayar da mu lungun nan ba tare da numfashinsa ya sauya ba.

"Ba kwana nikai ba," in ji shi. "Ruwa nika saurare."

Na ce, "Baba, da minshari?"

"Kai da agogonka kun ce na ƙoshi da kwanan dare. Mi zan yi da na rana?"

Littafina ya jiƙe rabi. Ya dube ni, wannan karon da ɗan tausayi, ya ciro goro ya ɓara ya ba ni rabi. A hanyar dawowa na tambaye shi yadda yake iya zama ba motsi haka. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ke buga masa filafili a gwiwa in ya yi ko susa a jirgi, don kifi na jin motsi. Jiki ya saba, ko a gado haka yake. Na ce to me yake yi dare duka a kwance?

Yana tuƙi ya ce, "Babur nika saurare. Duk wanda yat taho daga hanyar gabas sai in ce wanga za ya tsaya ƙohwata. In ya tsaya, ko Sani na, ko mai kawo labarin Sani. In ya wuce in jira na baya."

Ban rubuta wannan a littafi ba.

Da la'asar na buɗe na'urar hannu. Mintocin nan da na zauna ina jin minsharinsa da kunnena, manhaja ta cika su da karan gero ta rubuta aiki. Ruwa ne ke kaɗa jirgi, jirgi na kaɗa hannu, ita kuwa ba ta san bambanci ba. Na'urar ƙirji ta nuna zuciyarsa ta sauka ta kwanta daidai wannan lokaci, kamar ta kowane mai barci. Na mayar masa da su, na bar masa kwana uku. A dararen ukun hannu fili ne shar kamar da, amma zuciya ba ta sauka ba sai 'yan guntaye nan da can. Wato inda na ce barci yake, idonsa biyu, inda na ce aiki yake, nan yake satar barcin da ke jefa shi ruwa. Na juya wa mutum dare da rana, kuma na yi shela.

Na kira Farfesa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, abin da ya fi faɗa tsoratar da ni.

"Kabiru, littafin Rabi yana kusa da kai?"

"Yana nan, ranki ya daɗe."

"Buɗe shafinsa ka karanta mini."

Na buɗe. A safiyar farko Malama Rabi ta rubuta: "Ya ce bai rintsa ba. Idonsa ja." A ta uku: "Matarsa ta ce gaskiya ne, ba ya barci. Ta ce ya faɗa ruwa sau biyu." A ta biyar ta ja layi a ƙarƙashin wata magana: "A gaya wa Kabiru ya duba wannan da kyau." Ta kuwa gaya mini. Na tuna na ce mata to, ina kallon kwamfuta.

Farfesa ta ce, "Na'urar nan motsi ta sani, ba ta san barci ba. Mu ne muke laƙaba mata barcin. Za ka sake duba zanen kowane masunci daga farko, ko zai ɗauke ka wata biyu. Hoton nan kuma da ka aiko mini za mu sa shi a rahoto, amma ba a shafin da ka so ba. Kafin duk wannan, a ina ka ƙaryata shi?"

"A bakin gulbi."

"To can za ka je ka gyara. Ka fara neman izininsa, tunda yanzu ka tuna akwai takardar yarda."

Na je gidan Baba Labbo na ba shi haƙuri shi kaɗai, na nuna masa zanen biyu, na yi masa bayani. Na tambaye shi abin da ya yarda in faɗa a gaban jama'a. Ya ce in faɗi na dare, na rana kuwa in bar masa.

Da la'asar muka koma ƙarƙashin bishiyar nan, har Sarkin Ruwa ya zo. Na tsaya na ce ni ne na yi kuskure, na karya ƙa'idar aikina da na faɗi sirrin mutum a fili, kuma abin da na faɗa ma ba daidai ba ne. Baba Labbo ba ya samun barcin dare, kamar yadda ya faɗa tun farko.

"Ƙara hwaɗi," in ji Baba Labbo. "Nomau kunnenai guda ba ya ji."

Na maimaita. Ya ce wancan kunnen ma ya fara lalacewa. Na faɗa sau na uku. Sannan ya gyara zama ya ba su labarin jirgi da kansa, bai ɓoye barcinsa ba, amma ya fi ba da ƙarfi a kaina. Ya kwaikwayi muryata yana cewa "Baba, barka da hutawa," ya nuna yadda na rungumi littafi, ya ce hulata yanzu haka ta kusa kogin Kwara. Dattawan suka yi dariyar da ta fi ta ranar farko, har Malama Rabi ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Wani ya ce lalle Gummi ta yi likita. Nan sunan ya samo asali, kuma Malama Rabi ce ta kai shi ofishinmu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Nomau. Da aka lafa sai ya ce, "Labbo, ashe kwana ka jefa ka ruwa, kab bar ni ina yi maka ba'a?" Baba Labbo ya ce ai ba'ar ce kaɗai sana'ar da ya iya. Malam Nomau ya ce daga gobe jirgi ɗaya za su riƙa shiga. "Ba don kai ba. Kada kihi su ci tsohon nama su ɓata muna kasuwa." Sarkin Ruwa ya ce a mayar wa mutanensa agogunansu.

Sauran aikin Malama Rabi ta yi shi. Ta kai Baba Labbo asibiti, likita na gaskiya ya duba shi, ya samu jininsa ya hau, ya ba shi magani, ya hana shi shayi da goro daga la'asar. Shayin ya bari, goron ya ce sai dai a haɗa su a kabari. Ta kuma sa ɗaya daga cikin 'yan babur ɗin da ta karɓi haihuwarsu ya yi ta tambaya a ƙauyukan Anka har ya samo Sani, ya isar masa da saƙonta. Ban san abin da saƙon ya ƙunsa ba, amma tun daga nan kowace Jumma'a Sani yana hawa tudun da ake samun layin waya ya kira gida. Ba zan ce tsohon ya warke sarai ba. Hanyar Anka ba ta daina zama abin tsoro ba, shi ma bai daina saurare ba. Amma da muka sake auna shi bayan girbi, da na'ura biyu da littafi, yana samun awa huɗu, wani dare biyar. Inna Kulu ta aiko a gaya wa ɗan ƙanƙanen likita cewa yanzu ita ce ba ta barci saboda ƙarar da ke fitowa daga ɗakin maƙwabcinta, wato mijinta, in da hali a zo a ɗaura mata nata agogon.

Ni kuwa na shafe wata biyun da Farfesa ta ambata, har da ɗoriya. Na koyi raba kaɗawar ruwa da motsin hannu, don ruwa yana da nasa taki, a hankali kuma a jere, hannun mutum ba ya haka. Da na waiwayi zanen manoman Bukkuyum sai na ga irin matsalar a kan babur: mutumin da aka goya daga Zugu zuwa kasuwa yana zaune kawai, manhaja ta ce gudu yake. Daga nan aka kafa ƙa'idar da kuka tarar, wadda wasunku ke ƙorafi a kai, cewa ba a buɗe zanen mutum sai an karanta abin da ya faɗa da bakinsa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, zane mai kyau fiye da kima abin tuhuma ne, kuma jami'ar da ke yawo gida-gida da biro ta fi mu kusa da gaskiya, mu da muke zaune da kwamfuta. Shi ya sa in ɗayanku ya kawo mini sakamako yana murna, tambayata ta farko ita ce, hannun wa ne wannan? Yawancinku lamba kuke ba ni. Lamba ta rahoto ce, kuma daidai ne a ɓoye suna. Amma ina son ka san sana'ar mutumin, a kan me yake zama da rana, da abin da yake jira in ya kwanta. In ba ka sani ba, rufe kwamfutar, ka nemi mota, ka je ka gaishe shi.